"Sunanka bai fito ba": da wace hujja ake hana ɗan wasa lasisi?

Wata Juma'a bayan la'asar ɗan yayata ya shigo gidana a Zango, takalman ƙwallonsa cikin leda. Ya gaishe ni, ya zauna bakin tabarma, ya yi shiru har sai da na tambaye shi lafiya. Ya ce, "Kawu, sunana bai fito ba." Wata huɗu yana atisaye safe da yamma da wata ƙungiyar matasa. An karɓi hotunansa biyu, an karɓi takardar haihuwa, an karɓi kuɗin ganin likita. Da aka kawo katunan 'yan wasa aka rarraba, kowa ya samu sai shi. Na ce me aka ce maka? Ya ce mai horas da su ya ce daga sama ne. Iyakar abin da aka gaya masa ke nan, ba takarda, ba dalili, ba wanda zai je ya tambaya.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. A Damagaram mun saba ɗaukar lasisin wasa tamkar alfarma: in an ba ka ka gode, in an hana ka ka ce haka Allah ya so. Ba haka abin yake ba. Akwai hujjojin da doka ta yarda a hana mutum da su, ƙidayayyu ne, rubutattu ne, kuma kowace tana da abin da take karewa. Duk abin da ya fita daga cikinsu zalunci ne, ko da wanda ya yi shi yana da hatimi a hannu.

Lasisin, wato ɗan katin nan da alƙalin wasa ke riƙewa kafin a take ƙwallo, yana kiran suna yana duban fuska yana duban hoto, shaida uku yake ɗauke da su. Yana cewa kai wane ne kuma shekarunka nawa. Yana cewa ƙungiya kaza kake yi wa wasa. Yana cewa likita ya duba ka bai ga abin da zai hana ka gudu ba. A ƙwallon ƙafa, hukumar FENIFOOT ce uwar wannan kati a Nijar, ita kuma tana ƙarƙashin CAF da FIFA. Ranar da ɗan wasa ya sa hannu a takardar neman lasisi, ya yarda ke nan dokokin waɗannan hukumomi su hau kansa. Daga wannan sa hannun ikon hukunta shi ya samo asali. Sai dai igiyar da ta ɗaure shi ita ta ɗaure hukumar: ba ta da ikon hukunta shi da abin da ba ta rubuta ba tun farko.

Akwai bambanci tsakanin hanawa da ƙwacewa, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Wanda yake neman lasisi, a kansa nauyi yake, shi zai kawo takardunsa cikakku a kan lokaci. In an rufe rajista kafin ya kawo, ko babu sa hannun uba ga yaron da bai kai shekara 18 ba, an hana shi bisa ƙa'ida, kuma gyara a hannunsa yake. Amma wanda aka riga aka ba, ya buga wasa da shi, to nauyi ya koma kan mai son ƙwacewa. Shi zai faɗi laifin, ya kawo shaida, ya kira mutumin ya ji ta bakinsa. Ba a karɓe kati a bakin fili da cewa an ji an ce.

Hujjar lafiya ita ce ta fi ciwo, domin ba laifi aka yi ba. Duk mai shekaru irin nawa yana tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana karawa da Angola, bai tashi ba. Ranar 26 ga Yuni 2003 kuma Marc-Vivien Foé na Kamaru ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a Lyon, ba wanda ya taɓa shi. Bincike ya nuna naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima, ciwon da mai shi zai iya rayuwa da shi shekaru bai sani ba, yana ma fin kowa gudu. Saboda irin wannan ne ake neman takardar likita. Nwankwo Kanu kuwa ita ta cece shi. A 1996, yana dawowa da zinariyar Atlanta, likitocin Inter Milan suka gano matsala a wata ƙofar zuciyarsa. Aka dakatar da shi, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya yi wasa sama da shekara goma.

Amma hukuncin likita ma yana da iyakar ƙasa. Christian Eriksen ya faɗi a Yunin 2021, aka dasa masa wata 'yar na'ura mai farfaɗo da zuciya in ta tsaya. Ƙa'idar Italiya ba ta yarda mai irin wannan na'ura ya buga gasa ba, don haka shi da Inter suka rabu. Ingila ta yarda, ya koma Brentford a farkon 2022. Mutum ɗaya, zuciya ɗaya, hukunci biyu. Abin da wannan ke nunawa shi ne, "bai cancanta ba" ra'ayin masana ne da aka gina kan ƙa'idar wuri, kuma wanda aka gaya wa haka yana da haƙƙin ya nemi wani likitan ya sake dubawa, musamman likitan zuciya. Yana kuma da haƙƙin a rufa masa asiri. Ƙungiya iyakarta ta san zai iya ko ba zai iya ba. Sunan ciwon nasa ne shi da likitansa, ba na 'yan fada ba ne.

A nan gida damuwata ta juye ne. Ban cika jin an hana yaro lasisi don lafiya ba, abin da na fi gani shi ne an ba shi ba tare da an duba shi ba. Na taɓa ganin an kwashi takardun yara kusan ashirin cikin jaka an tafi da su, aka dawo da yamma kowace da hatimi, yaran suna fili suna atisaye. Ba a sa musu abin sauraren ƙirji ba, ba a auna jini ba, ba a tambayi ko wani a danginsu ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi ba, wadda ita ce tambayar farko da ya kamata a yi. A ƙasar da sikila ta yi yawa, kuma ake wasa cikin zafin Afrilu da Mayu, wannan wasa da rai ne. Takardar da aka samu ta wannan hanya ita kanta hujja ce ta ƙwace lasisi, domin shaida ce a kan abin da ba a gani ba.

Sai maganar shekaru, inda muka fi ƙonewa. A 2009, a gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Aljeriya, Nijar ta tsallake zuwa kusa da ƙarshe, wato ta samu tikitin gasar duniya. Aka kai ƙara kan shekarun ɗan wasa ɗaya, CAF ta kori tawagar baki ɗaya, Malawi ta maye gurbinta. Yara kusan ashirin suka rasa damar da ba ta zuwa sau biyu saboda takarda ɗaya. A wannan shekarar ce FIFA ta fara amfani da na'urar MRI, wadda a nan muka fi sani da IRM, a gasar duniya da aka yi a Najeriya. Hoton wuyan hannu ake ɗauka. A ƙarshen ƙashin damtse akwai wani guringuntsi da ƙashi ke tsawo ta wurinsa, yana rufewa sannu a hankali yayin da yaro ke girma. An kasa rufewar mataki shida. Wanda ya kai na shida, wato ya haɗe sarai, ana ɗauka ya wuce 17.

Na'urar ta girgiza nahiyar nan. A Agustan 2016, 'yan wasa 26 na Najeriya suka faɗi gwajin ana gab da karawa da Nijar. Mena ƙanana, wato tawagar Nijar ta 'yan ƙasa da 17, suka fitar da Najeriya, wadda ke riƙe da kofin duniya a lokacin, suka bi ta Gabon har Indiya a 2017, inda suka doke Koriya ta Arewa suka kai zagaye na biyu. A 2019 Gini ta kai wasan ƙarshe na Afirka, daga baya aka soke sakamakonta kan takardun 'yan wasa biyu, Senegal ta tafi gasar duniya a madadinta. A farkon 2023 Kamaru ta sallami 21 cikin 30 da ta kira.

Duk da haka MRI ba takardar haihuwa ba ce. Ƙashi ba ya ƙirga watanni. Akwai yaron da nasa ke rufewa da wuri, akwai wanda ya kai ashirin bai gama rufewa ba, abinci da gado da aikin ƙarfi duk suna da hannu. Don haka wanda ya faɗi gwajin, abin da ya tabbata a kansa shi ne bai cika sharaɗin waccan gasa ba. Ba a tabbatar ya yi ƙarya ba. Hana shi shiga gasar 'yan 17 yana da hujja, domin an rubuta sharaɗin kafin a fara. Kiransa maguɗi a rediyo, ko hana shi lasisin manya, ba shi da ita.

Abin da ke ƙona mini rai ya fi nan zurfi. Da yawa cikinmu a katin shaidarmu an rubuta "né vers", wato an haife shi wajajen shekara kaza. Je ka duba jerin sunayen kowace ƙungiya ta unguwa, ka ƙirga waɗanda aka rubuta an haife su 1 ga Janairu. Yaron da aka haifa a gida a wani ƙauyen Mirriya ko Tanut, ba a kai sunansa wurin magajin gari cikin wa'adi ba, sai ya isa shiga lakwal ko ya zo jarrabawa sannan a je gaban alƙali da shaidu a yi masa takardar da ake kira jugement. Shekarar da za a rubuta, manya ne ke yanke ta. Wani lokaci a kintata, wani lokaci a rage da gangan don kada a ce ya yi wa aji girma. Yaron yana da shekara bakwai ko goma sha biyu, bai san ma ana yi ba. Bayan shekaru sai wani mai neman kofi ya sake kai shi a yi sabuwa, a zaftare biyu ko uku. Ranar da asiri ya tonu, sunan wa ake kira? Na yaron. Shi ake dakatarwa, shi ake nunawa da baki a Kasuwar Dole. Wanda ya kai shi, da wanda ya tsaya shaida, da wanda ya ga takarda biyu ya kau da kai, suna nan a kujerunsu, kakar wasa mai zuwa su kawo wani yaron. Dokar ladabtarwa ta FIFA ta tanadi hukunci ga duk mai ƙirƙira ko amfani da jabun takarda, har ƙungiya da hukumar ƙasa ana iya kamawa da laifin jami'ansu. Jabun takardar hukuma kuma laifi ne a kotun ƙasa, ba a fili kaɗai ba. Doka ba ta ce a tsaya kan yaro ba, mu ne muke tsayawa a kansa don shi ne marar gata.

Hujja ta uku ita ce rajista biyu. Ƙa'idar FIFA a sarari take: ɗan wasa ƙungiya ɗaya yake da ita a lokaci ɗaya. A kaka guda yana iya yin rajista da ƙungiya uku bi da bi, amma biyu kawai zai buga wa wasan gasa. Wanda ya sa hannu a nan ya je ya sa a can, lasisin na biyu ba shi da tushe. Mu da ke bakin iyaka wannan ya fi shafarmu, domin yaro ya tafi Kano ko Katsina wurin dangi ba ma kiransa tafiya ƙasar waje. A idon FIFA kuwa ƙetare ne. Daga shekara 10 zuwa sama, ba a yi wa wanda ya taɓa rajista a wata ƙasa sabuwa sai hukumar da ya baro ta aiko da takardar sallama ta ƙasa da ƙasa. In bai kai 18 ba, asali ma haramun ne a ɗauke shi, sai da 'yan togaciya: iyayensa sun ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, ko ɗan gudun hijira ne, ko kuma gidansu bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba, ƙungiyar ma haka ta ɗaya gefen, tsakaninsu bai wuce 100 ba, yana ci gaba da kwana a gidansu, hukumomin biyu kuma sun amince. Ɗan Matamaye da wata ƙungiya a Daura ke so zai iya shiga wannan ƙofa. Ɗan Birnin Damagaram da ake so a Kano ba zai shiga ba, domin garuruwan biyu duk sun yi wa iyaka nisa. Wannan doka ce ta sa aka hana Barcelona sayen 'yan wasa a 2014, Chelsea ma a 2019. An yi ta ne don kare yaran da dillalai ke kwasa su watsar a titunan Turai, kuma ko da tana takura mana ina ganin alherinta ya fi yawa.

Ɗan wasan da aka dakatar saboda kati ko faɗa ko taɓa alƙali, wannan kowa ya san shi, ba sai na daɗe a kai ba. Abin lura kawai, ƙungiya ce ke da alhakin ƙirga. A Nuwamban 2017 Najeriya ta sa Shehu Abdullahi a wasanta da Aljeriya alhali katin gargaɗi biyu na kansa. An tashi 1-1 a fili, FIFA ta mai da shi 3-0. A ƙananan gasanninmu ma hanyar ɗaya ce: kyaftin ya rubuta ƙorafinsa a takardar wasa kafin a fara, a bi da shi a rubuce cikin wa'adi. Wanda ya bari sai da aka ci shi sannan ya tuna ɗan wasan abokan hamayya ba shi da lasisi, sau da yawa ya makara.

Ƙwayoyi kuwa, akwai sabon abu da ya kamata kowane mai horaswa a jihar nan ya sani. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar WADA, mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta sa tramadol cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa. Tramol ɗin nan da ake sayarwa a tire, wanda ɗan kabu-kabu da mai aikin gini ke haɗiya don kashe gajiya. Ƙa'idar a nan mai tsauri ce: abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ko ka sani ko ba ka sani ba. André Onana, yana Ajax, ya ce maganin matarsa ya sha bisa kuskure yana neman na ciwon kai. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta dakatar da shi wata 12 a 2021, kotun wasanni ta duniya ta yarda ba da niyya ya yi ba, amma iyakar abin da ta yi ta rage zuwa wata 9. In an tabbatar da ganganci, shekara huɗu ce. Wannan ya shafi jiƙe-jiƙen ƙarin ƙarfi da ake sayarwa cikin gora, waɗanda mai sha bai san me aka narka a ciki ba. Amma ko nan ɗan wasa yana da kariya. Fitsarin da aka karɓa kwalba biyu ake zuba shi, yana da ikon ya ce a buɗe ta biyu a gabansa ko gaban wakilinsa. Mai ciwon da dole sai da haramtaccen magani yana iya neman izini tun kafin gasa. Kuma sakamakon ɗakin binciken da aka amince da shi ne hujja. Jan ido da rawar jiki ba hujja ba ne.

Ina tunanin kokowa a duk wannan. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, ta girma ta zama abin da ke tsayar da ƙasa cak: jihohi takwas, kowace da 'yan kokowa goma, ga kuɗi ga daraja. Duk inda kuɗi ya shiga, tambayar wa ya cancanci shiga tana yin nauyi. Ɗan kokowar da ya sha ƙasa a filin Langa-Langa ya san an kayar da shi, dubban mutane sun gani, zai tashi ya kakkaɓe. Wanda aka cire daga cikin goman a ɗaki, ba a gaya masa dalili ba, shi ne ke tafiya da ƙulli a zuci. Sharaɗin wakiltar jiha, da na lafiya, da na ƙwayoyi, ya kamata ɗan kokowa ya ji su da Hausa tun kafin a fara tankaɗe, tunda yawancinsu ba faransanci suka karanta ba.

Akwai kuma dalilan da ake hana mutane da su waɗanda ba su cikin kowane kundi. Ya yi wa shugaba gardama. Ya ƙi sa hannu a ƙungiyar wani babba. Tsohuwar ƙungiyarsa ta riƙe katinsa tana cewa sai an biya abin da ba yarjejeniyar da ta ambata. Ɗan unguwa kaza ne, ana ce musu 'yan tasha. Mace ce, an ce ba ta dace da fili ba. Kundin wasannin Olamfik ya kira yin wasa haƙƙin ɗan Adam, dokokin FIFA kuma sun haramta wariya ta ƙabila ko addini ko jinsi ko asali ko dukiya. Masu irin wannan hani sun san ba su da madafa, shi ya sa ba sa rubutawa. Takarda tana tilasta wa mai hukunci ya ambaci sashen da ya dogara da shi, kuma daga ranar da aka miƙa ta wa'adin ɗaukaka ƙara ke fara ƙirga. Matakan suna nan: kwamitin ladabtarwa, kwamitin ɗaukaka ƙara, daga ƙarshe kotun wasanni ta duniya da ke Lozan a Suwizalan, wadda aka kafa a 1984, inda galibi kwana 21 ake bayarwa. Gaskiya ne Lozan ta yi wa ɗan Garin Malam nisa, kuma dokokin ƙwallo suna hana kai rigimar fili kotun gari. To in ƙofar sama ta yi nisa, ta gefe kuma a rufe, wajibi ne ta ƙasa ta zama a buɗe. Wanda aka ce wa "daga sama ne" an toshe masa dukkansu, domin ba a ɗaukaka ƙara kan maganar baki.

Ranar Litinin na ɗauki ɗan yayata a babur muka je inda ake karɓar takardun. Na gaisa da mutumin da ke wurin, na ce, "Malam, ba rigima ta kawo mu ba. Dalili muke so, kuma a rubuce." Ya ɗan yi jim, sannan ya jawo wani fayil ya buɗe. Takardun haihuwa biyu ne da sunan yaron. Ɗaya ta gidan haihuwa, wadda ya kai da hannunsa. Ɗaya jugement ce da aka yi masa yana firamare, da ita aka taɓa yi masa rajista a wata gasar makarantu, kuma ta rage masa shekara biyu. Hujjar hana shi tana nan, ba zan musa ba, kuma da an faɗa mana tun farko da mun kama hanyar gyara wata huɗu da suka wuce. Yaron ya ɗauki takardar ta biyu yana juya ta, ya kai yatsa kan sunayen shaidun da ke ƙasa. Ya ɗago ya ce, "Kawu, su wane ne waɗannan? Ni ban taɓa ganin takardar nan ba."